Yadda ake kwance tsohon ɗaki a sake gini da kayansa

Tun ina ɗan lebura na baro ƙauyenmu na Adar na zo Yamai, kuma ɗakunan da na kwance daga Bukoki zuwa Talaje zuwa Harobanda ba zan iya ƙirga su ba. Abin da na fi gani a wajen masu gida shi ne su kira samari majiya ƙarfi su ture ɗaki cikin yini guda. Ƙasa da bulo da azara da kwano duk su cuɗe wuri ɗaya. Washegari mai gida ya biya mota ta kwashe tarkacen, bayan sati biyu kuma ya biya wata motar ta kawo masa jar ƙasa ta ciko. Ƙasa ɗaya, ya biya mata kuɗin mota sau biyu, azarar da kakansa ya ɗora kuwa ta karye a ƙarƙashin bango.

Gini kwance shi ake yi, kamar yadda tela ke farke riga yana son ya sake ɗinka ƙyallen. Abin da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, kuma kowane kaya a ajiye shi wurinsa tun kafin ya haɗu da wani. In ka riƙe wannan, ɗan'uwa, sauran bayanin mai sauƙi ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, daga Oktoba zuwa Fabrairu. Tubali zai bushe ba tare da fargabar hadari ba, kuma ba ka shiga zafin Afrilu da ke busar da kwaɓi tun yana kan allo.

Kayan aiki

- Guduma babba da ƙarama, da ƙarfen ɓanɓara mai bakin cire ƙusa.
- Ƙarfen sassaƙa mai faɗin baki, don kankare tsohon kwaɓi daga jikin bulo.
- Diga, felu da baro.
- Tsani mai ƙwari da igiya.
- Rariyar waya. Ba sai ka saya ba: katako huɗu ka haɗa, ka buga musu ragar waya, ka jingine ta da sanda.
- Madaɓi. In babu, cika tsohon gwangwanin fenti da kankare, ka kafa sanda a tsakiya, bayan kwana uku ka samu.
- Duro biyu na ruwa.
- Zarton ƙarfe da burushin waya.
- Mitar awo, littafi, da alli ko gawayi.
- Takalmi mai kaurin tafi, safar hannu, da takunkumi. In takunkumin ya gagara, rawani da aka jiƙa ya fi babu. Silifa dai kada ka bar kowa ya shigo da shi, tsohuwar ƙusa ba ta da wasa.

1. Zagaya ɗakin da littafi kafin ka taɓa komai

Tambayar farko: shin sai an kwance shi duka? Sau da yawa rufi ne ya mutu, bango lafiyarsa lau. A Dandaji, cikin jihar Tahoua, da jama'a suka so sabon masallaci, ba a rushe tsohon na ƙasa ba. Masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, sabon masallacin kuma aka gina shi da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, aikin ya ƙare a 2018. Ɗakinka bai kai masallaci ba, amma dubawar ɗaya ce. Bangon da bai karkata ba, ba shi da tsagar da ta ratsa daga sama har ƙasa, gindinsa kuma bai zaizaye ba, bar shi a tsaye.

Abin da za a sauke kuwa, ka ƙirga shi: kwano nawa, azara nawa, ƙofa da taga nawa, faɗinsu da tsayinsu. Rubuta awon ƙofofin da kyau, domin sabon ginin za ka bar musu gurbi daidai da su. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya gama gini sannan ya ɗauko tsohuwar ƙofa, ya tarar gurbin ya fi ta da taƙi guda, sai a kira mai walda ya ƙara mata ƙarfe ko a sayi sabuwa.

2. Wuta, ruwa da maƙwabci

In mitar kamfanin wutar lantarki NIGELEC na jikin bangon da za a sauke, je ka ofishinsu su zo su matsar da ita, kada ka ce yaron unguwa ya iya. Rufe ruwa daga mita. Duba ko bangon naka ne kai kaɗai ko kun haɗa da maƙwabci, don a tsofaffin unguwanni ɗaki biyu kan jingina da bango guda. Gaishe shi ka faɗa masa ranar da za ka fara, matan gidansa su kwashe shanya su kama yara. Batun takardar izinin gini kuma, ka leƙa ma'aikatar magajin gari ta gundumarku tun da wuri.

Sai ka ja layi da gawayi a filin gida, ka ware wurin ƙasa, wurin bulo mai rai, wurin fasasshe, wurin itace, wurin ƙarfe. Ƙasar ta fi kusa da inda za a kwaɓa. Itace a inuwa, a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa. In gidan ƙarami ne, kwance bango ɗaya ka gyara kayansa, sannan ka wuce na gaba. Kada ka tara komai a bakin magudanar ruwa ta titi, kowa a Yamai ya ga abin da toshewar magudana ta jawo a daminar 2020 da ta 2024.

3. Ƙofofi, tagogi da waya

Waɗannan ake fara cirewa tun rufi na sama. Sassaƙe kwaɓin da ya riƙe ƙafafun firam ɗin, ka zaro shi a hankali. In ka sa ƙarfe ka ɓanɓare da ƙarfi, firam ya murɗe, ƙofar ba za ta sake rufuwa daidai ba. Sa wa kowace ƙofa da firam ɗinta lamba ɗaya da alli. Makunnai da soket masu kyau a zuba su a bokiti. Tsohuwar wayar wuta da robarta ta bushe tana tsagewa, kada ka mayar da ita cikin sabon bango, ta tafi wajen masu sayen jan ƙarfe.

4. Rufi

Nan ne dukiyar ɗakin take, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

In kwano ne, wanda muke ce wa tol, mutum biyu a sama, biyu a ƙasa. Na saman su taka kan layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙarƙashi. Sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙarfen cire ƙusa domin kada ya lotsa kwanon. A miƙo shi hannu da hannu, ba jefowa ba, kuma in iska ta taso a dakata, don kwano a iska wuƙa ne. Da ya sauka, ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. Wanda hasken ramin ƙusa kaɗai ke shigowa, zai koma kan ɗaki: ka daidaita sabon katako da tsofaffin ramukan, waɗanda ba su faɗa kan katako ba a toshe su da kwalta da ɗan ƙyalle. Wanda tsatsa ta yi wa ƙananan huji kamar rariya, na rumfar dabbobi ne ko shingen wurin aiki. Wajen bugawa, kowane kwano ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi a gefe, da kamar santimita 20 a tsawo. Masu son kwano ya isa suna rage wannan hawan, sai ruwan Agusta ya tona musu asiri.

Akwai wani rufi mai kama da kwano amma na siminti, toka-toka, mai kauri, da ake gani a tsofaffin gidajen ma'aikata. Tsofaffin irinsa na ɗauke da asbestos, ƙurarsa na lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Jiƙa shi da ruwa, kwance shi ɗungurungum, kada a fasa, kada a sa masa zarto, kada ya shiga cikin ciko. Wannan kam ba na sake amfani da shi ko kyauta aka ba ni.

In rufin ƙasa ne, fara daga baki ka yi ta kankaro ƙasar sama da felu kana zubowa wurin ƙasa, har zana ko ƙiraren da ke kan azara su bayyana. Kada kowa ya tsaya a cikin ɗakin lokacin. Kunama na son wannan wurin, maciji ma na taɓa tararwa, don haka da sanda ake ɗaga zana. Sai a zare azara ɗaya bayan ɗaya da igiya.

Azarar giginya daga wajen Gaya take zuwa, daga Dallol Mawri, itacen kuma shekaru da yawa yake yi kafin ya isa sara, jami'an gandun daji na sa ido a kansa. Shi ya sa tsohuwa mai kyau ta fi sabuwar da za ka samu yau, wadda sau da yawa ba ta ƙosa ba. Ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma daga kai zuwa kai. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai kaifi, wadda ta ruɓe kuma amonta a dushe yake. Yawanci kawunan da suka shiga bango ne ke mutuwa, tsakiya na nan da ƙarfinta. Yanke kawunan, ta zama azarar ƙaramin ɗaki ko madafa, ko ta kan ƙofa. Katakon da ka ga hanyar gara a jikinsa, fitar da shi daga gidan a ranar, kada ya kwana kusa da mai kyau.

5. Sauke bango

Daga sama, layi bayan layi. Ban yarda a haƙe gindin bango a ture shi ba ko da mai gida na gaggawa. Na ga bango ya juyo ta inda ba a zata ba, Allah ne ya kiyaye yaron da ke riƙe da diga.

Bulon siminti: bugi kwaɓin da ke tsakani, ba jikin bulon ba. Tsofaffin gine-ginen unguwa da yawa da ƙasa aka ɗaura bulonsu, ko da kwaɓi mai ƙarancin siminti, irin waɗannan da kansu suke sakin juna. In kuwa kwaɓin ya fi bulon ƙarfi, za ka ga uku na fashewa kafin ɗaya ya fita lafiya. Kada ka ɓata kuɗin lebura, mayar da bangon ɓaraguzai kawai. Bulon da ya fita, a kankare shi nan take a jera. Gwajinsa: kama kusurwa ka murza da yatsa, in tana zuba kamar gari, na ciko ne. Mai kyau ya shiga katanga, banɗaki ko bangon da ke raba ɗaki. Rabi-rabi kada ka yar, su ne na bakin ƙofa da kusurwa. Kafin ɗaurawa a yayyafa masa ruwa, don tsohon bulo na tsotse ruwan kwaɓi ya bar shi ba ƙarfi.

Bangon ƙasa kuwa, in an taɓa yi masa shafen siminti, ɓanɓare shafen tukuna a kai shi wurin fasasshe.

6. Mayar da tsohuwar ƙasa tubali

Da tsohuwar zuma ake magani. Magabatanmu a Adar in ɗaki ya faɗi, a wurin suke jiƙa shi su tayar da wani. Ƙasar an riga an zaɓe ta, an tsince duwatsunta, ramnon da ke cikinta, wato yankakkiyar ciyawa, ya ruɓe ya ba ta danƙo. Ƙasa ba ta mutuwa kamar siminti: ruwa kawai take jira.

Amma akwai wadda ba a ɗauka. Layi biyu ko uku na gindin bango, inda za ka ga fari-fari kamar kanwa, gishiri ne ya hau su daga ƙasa, in ka sa su a sabon tubali za su ci gaba da jan damshi. Ƙasar kusa da masai ko makewayi ma a bar ta. Haka wadda gara ta yi gida a ciki.

Farfasa sauran da diga da bayan felu, tsince leda, gilashi da guntayen siminti. Tara ta ka yi rami a tsakiya kamar tuwo, ka cika da ruwa, ta kwana biyu tana sha. Rana ta uku a zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, ko ƙaiƙayin gero in ciyawa ta yi tsada, a shiga da ƙafa a tattake har ta daina manne wa ƙafa da yawa. In ka bar ta ta ƙara kwana biyu a rufe, ta fi kyau.

Kada ka buga dubu a tashi ɗaya. Buga guda biyar na gwaji, su bushe. In sun tsattsage, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi da ramno. In gefensu na marmashewa, yashi ya yi yawa, sai ka nemo amalanke ɗaya ko biyu na sabuwar ƙasa mai danƙo ka gauraya. Wanda ya bushe sarai, ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya rabu biyu ko kusurwa ta ɓalle, ba laifi. In ya watse, koma kan kwaɓin. Tubali na kwana uku a kwance, sannan a tayar da shi a gefensa, ya yi kamar sati biyu kafin a ɗaura.

Ƙasar da ka samu ba za ta mayar maka da ɗaki daidai girman na da ba, tunda ka zubar da ta gindi. Ka sa ran ciko. Kuma wannan karon ka ɗora tubalin a kan harsashin dutse ko bulon siminti da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, domin ta ƙafa ruwa ke kashe ginin ƙasa. Mafi laushin ƙasar, wadda ta ratsa rariya, ajiye ta don yaɓe. In ka samu makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ka jiƙa a ciki, yaɓen zai daɗe.

7. Ɓaraguzai

Zaunar da yaro ɗaya da guduma ya farfasa su, kada wani ya wuce girman dunƙulen hannu. A tankaɗe a rariya, a samu manya, matsakaita da gari.

Manyan su ne cikon ɗaki. Zuba kaurin santimita 15, watsa garin a kai ya cike ƙofofin, yayyafa ruwa, daɓe har madaɓi ya daina nutsewa, sannan wani layin. Masu zuba ciko gaba ɗaya su daɓe samansa kawai, su ne daɓensu ke lotsawa bayan damina ɗaya. Kada itace, leda ko tsumma su shiga ciki: itace zai ruɓe ya bar rami, ya kuma kira gara.

Matsakaitan na iya maye gurbin tsakuwa a kankaren da ba ya ɗaukar nauyi, kamar daɓen tsakar gida, dakalin ƙofar gida, ko shimfiɗar farko a ramin harsashi. Jiƙa su tun daren jiya. Ginshiƙi, linta, wato kankaren kan ƙofa da taga, da rufin kankare kuwa, tsakuwa ta gaskiya za ka saya. Wanda duk ya ce maka ba komai, ba shi zai kwana a ɗakin ba.

Fasasshen tayil ma kaya ne. Jera shi a kan kwaɓi a banɗaki ko gindin famfo, abin da muke ce wa karo kase, bakin mai kaifi a nutse, a cike tsakani da ruwan siminti.

8. Tsohon rodi

Fasa kankaren da ke jikinsa, goge da burushin waya. Tsatsar da ta goge ta bar ƙarfe sumul ba ta da illa. Wanda ya yi ramuka ko ya sirance, na masu sayen tsohon ƙarfe ne. Mai kyan ma ban sa shi a ginshiƙi ko rufi, saboda an lanƙwasa shi an miƙe, ƙarfinsa ya ragu a gwiwar. Yana yin murfin masai ƙarami, ragar taga, turakun awo, ko ƙugiyar rataya. Kada a sa shi a wuta don ya miƙe.

9. Sabon ginin: inda sabon kaya ke zubewa

Bulon da muka fi aiki da shi santimita 40 ne a tsawo, 20 a tsayi, kuma murabba'in mita ɗaya na cin 12 zuwa 13. Kafin ka haƙa harsashi, jera layi ɗaya a busasshe a kan igiya, da ɗan tsakanin kwaɓi. In ka ga sai an yanke bulo kafin layin ya cika, matsar da turken kaɗan ya faɗa kan cikakke ko rabi. Taƙi ɗaya da ka ƙara wa ɗaki ya hutar da kai yankan bulo a kowane layi har sama. Ka ce wa mai buga bulo ya bugo maka rabi-rabi tun daga wurinsa.

Sabon rodi mita 12 yake zuwa. Rubuta duk tsawon da kake buƙata kafin zarto ya taɓa shi, ka fara yanke dogayen. Mita 3 na ba ka huɗu cif, mita 4 na ba ka uku. In mita 3 da rabi kake so, uku za ka samu, saura mita ɗaya da rabi, wannan na lintar taga ne, a ajiye shi da alama. Inda za a haɗa biyu, su hau juna da kamar ninki 50 na kaurinsu, wato santimita 50 ga rodi mai milimita 10. Nan ba wurin tsimi ba ne.

Siminti, ko na Malbaza ne da ya yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin ya iso Yamai ko na waje, buhun kilo 50 ne kuma damshi ne ajalinsa. Shimfiɗa tsofaffin katakon da ka cire, jera buhunan a kai, nesa da bango, kada su wuce goma a tsaye. Sayi na sati biyu ko uku kawai. Gudajin da ya murmushe a yatsa yana yin daɓe, wanda ya zama dutse ya mutu.

Kwaɓa a kan tsohon kwano ko daɓe, ba a kan ƙasa ba. Kwaɓa abin da za a cinye cikin awa ɗaya, rabin buhu in maginin ɗaya ne. Kwaɓin da ya fara kamawa aka ƙara masa ruwa, kamanninsa kawai ya dawo, ƙarfin ya tafi. Ka lura da lokacin sallar azahar da na cin abinci, a nan ne lebura ke kwaɓa buhu guda a tafi a bar shi. Wajen shafe, shimfiɗa buhunan da aka juye a gindin bango, abin da ya zubo a kwashe nan take a mayar kan allo.

Katakon zuba kankare, shafa masa ɗan baƙin mai kafin zubi, kada ka dulmuya ƙusa har kai, cire shi a hankali, kankare shi a ranar. Haka zai yi maka zubi da yawa. Ragowar man a mayar cikin galan, kada a tuttular a ƙasa.

10. Abin da ya rage

Tattara guntayen ƙarfe, ƙusoshi, ruɓaɓɓen kwano da waya, ka raba jan ƙarfe da alminiyam daban, don kuɗinsu ya fi na baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba, in ka haɗa su kuma da farashin baƙin za a auna maka. Kai su kasuwar Katako da kanka in kana da hali. A can maƙera ke mayar da kwano da duro murhu da akwati, masu zubi kuma su narka alminiyam su yi tukwane. Kafin ka karɓi kuɗi, zagaya rumfunan tsofaffin kaya, wataƙila tagar da ta rage maka tana can, a yi musaya.

Buhunan siminti a jiƙa su a rufe sabon kankare da su, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Bayan nan a ɗaure su a kai juji. Mai tsire ko mai ƙosai in ya zo roƙon takardar, ba shi haƙuri, garin siminti ba abin naɗe abinci ba ne. Itacen da aka yi wa fenti ko aka shafa wa baƙin mai kada ya shiga murhun girki. Ƙasar gishirin nan da ka ware tun farko, tambayi mai unguwa inda rami yake a layinku, a zuba a daɓe kafin ruwan Yuni ya sauka.